Hular da Ta Fara Zama Ganyen Latas

Ranar wata Talata da asuba ƙanwata ta sauka, aka sami ɗa namiji, a tsakiyar hunturun watan Janairu. Wanda ya taɓa kwana a Zariya a irin wannan lokaci ya san yanayin: ruwan randa kamar ƙanƙara, leɓe duk a tsage, yara kuwa sai a bakin murhu ake ganinsu. Da hantsi na je barka, na tarar an dunƙule jaririn cikin zani uku, an kifa masa wata hular kanti da ta yi masa yawa, tana zamowa har kan hanci. A nan na yi suɓutar baki, na ce wa mai jego, "Bar min maganar hula, ni zan saƙa masa ta ranar suna."

Gwaggo tana gefe tana dama kunun kanwa. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da damunta. Ta san iyakar iyawata. Abin da na iya da kwarashi a lokacin bai wuce sarƙa da layi miƙaƙƙe ba, ki je ki dawo, irin wanda aka koya mana a firamare a darasin aikin hannu. Na taɓa yin mayafin 'yar tsana da abin ɗora tukunya mai kusurwa huɗu. Saƙar zagaye kuwa, wadda ake farawa daga cibiya ana buɗewa, ban taɓa gwada ta ba. Ga shi na ɗauki alkawari a gaban mutane, ga kwana bakwai kacal.

Shekara huɗu ke nan da wannan rana. Yanzu duk Asabar da yamma 'yan matan layinmu sukan taru a tsakar gidana da kwarashinsu, kuma kurakuran da na yi a wancan mako su nake gani suna maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, kamar an yi musu wasiyya. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin a wuri guda. Zan riƙa cewa "ke" saboda yawancin masu tambayata mata ne, amma maza masu saƙar hula kada ku ji an ware ku.

A ranar na biya kasuwar Sabon Gari na sayo ulu dunƙule biyu, fari da ruwan bula, da kwarashi mai milimita 4. A nan kaɗai na yi dace ba tare da na sani ba. Mai koyo ba ta son ulu baƙi ko mai duhu, don ba za ta ga idon saƙar ba, balle in an ɗauke wuta ta koma aiki da fitilar waya. Ba ta kuma son ulu mai gashi-gashi, wanda in an yi kuskure ba ya warwaruwa. Fari, ko ruwan hoda, ko ruwan ɗorawa, mai santsi, matsakaicin kauri, shi ne abokin koyo. In launi biyu za ki haɗa, ki tabbata kaurinsu ɗaya ne. Ki ɗora zaren wannan a kan na wancan a gaban mai shago ki duba da idonki, don wani lokaci takardar jikinsu iri ɗaya ce amma zaren ya bambanta.

Bari in faɗi sunayen da muke amfani da su a tsakar gidana, don mu fahimci juna. "Ido" shi ne kowane ɗauri guda da kika kammala, wanda in kin duba samansa za ki ga zare biyu sun kwanta kamar ƙwayar alkama. "Zobe" shi ne madaukin da ke rataye a jikin kwarashi. "Gajeriya" ita ce wadda za ki soka kwarashi cikin ido, ki jawo ulu, zobe ya zama biyu, ki sake ɗauko ulu ki ratsa su duka biyun. "Doguwa" kuwa sai kin fara naɗa ulu a kwarashi kafin ki soka, ki jawo, zobe ya zama uku, ki ratsa biyu, ki sake ratsa biyun da suka rage. Sai "sulale", wadda ba ta da tsayi ko kaɗan: ki soka, ki jawo ulu ya wuce ta cikin idon da zoben a tafi ɗaya. Da ita ake rufe zagaye. In kina kallon bidiyon koyarwa a YouTube ki kula da ƙasar mai magana, domin abin da 'yan Amurka ke kira saƙa ɗaya, shi 'yan Ingila ke kira saƙa biyu. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan kawai.

To, daren farko. Na yi sarƙa huɗu, na haɗa bakinta ta zama ƙawanya, na cika ta da doguwa har sai da wuri ya ƙare. Ban ƙirga ba. A zagaye na biyu na sa biyu-biyu a kowane ido, na ga abu yana buɗewa, raina ya yi fari. Na uku ma na sa biyu-biyu, na huɗu haka. Kafin in kai na biyar bakin abin ya fara lanƙwashewa yana hawa yana sauka, in na danne nan can ya tashi. Da safe na kai wa Gwaggo, ta juya shi a hannu ta ce, "Ke 'yar nan, hula ce wannan ko ganyen latas?"

Daga baya na karanta cewa wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta yi irin wannan saƙa da gangan a jami'ar Cornell ta Amurka a 1997, tana yawaita ƙari don ta nuna wa ɗalibai wani nau'in shimfiɗa da ke da wuyar zanawa a allo, irin siffar da ganyen latas ɗin yake da ita. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce ai da na sani da na aika musu nawa.

Dare na biyu na warware, na rantse ba zan ƙara yawaita ƙari ba. Sai na tsuke hannu, ina ƙara ido ɗaya nan, ɗaya can, yadda raina ya ba ni. Wannan karon tun a zagaye na uku abin ya kama tashi sama, ya zama kamar ɗan ludayi. Ko kan 'yar tsana ba zai shiga ba.

Gwaggo ba ma'abociyar kwarashi ba ce sosai, sana'arta faifai. Tun muna yara muke ganinta da kaba da galura, tana farawa daga cibiya tana naɗawa har faifai ya kai girman rufe ƙwaryar fura. Ita ta ɗauko wani faifai da ba ta gama ba ta ajiye min a cinya. Ta ce in duba layin da ke kusa da cibiya, in duba na bakin. Kowane layi ya fi na cikinsa tsawo, amma da kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan iri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Ita hannunta ne ke auna mata, shekara arba'in tana yi. Ni da ba ni da wannan hannu, sai lissafi.

Ga lissafin, kuma shi ne ƙashin bayan duk wata saƙar zagaye. Adadin da kika fara da shi, shi za ki riƙa ƙarawa a kowane zagaye, ba ninkawa ba. In gajeriya kike yi, ki fara da ido 6, sai 12, sai 18, sai 24, sai 30, sai 36. In doguwa ce, ki fara da 12, sai 24, sai 36, sai 48, sai 60. Dalilin yana cikin lissafin da'ira da muka yi a makaranta muka manta: duk lokacin da da'ira ta ƙara faɗi daga cibiya zuwa baki da taki ɗaya, kewayenta yana ƙaruwa da taki shida da ɗan ɗoriya. Gajeriya tsayinta da faɗinta kusan ɗaya ne, shi ya sa take son shida. Doguwa ta kusa ninka ta a tsayi, sai ta nemi goma sha biyu. Ni a daren farko ninkawa nake yi, kamar daga 24 zuwa 48 zuwa 96, idanu suka rasa wurin kwanciya suka hau kan juna. A dare na biyu kuma na hana su abin da suke buƙata, bakin ya tsuke ya ja kansa sama.

Yadda ake raba ƙarin kuwa waƙa ce, kuma da baki nake sa yarana su faɗe ta. Zagaye na biyu: biyu a kowane ido. Na uku: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Na huɗu: ɗaya, ɗaya, biyu. Na biyar: ɗaya, ɗaya, ɗaya, biyu. Kowane zagaye ana ƙara "ɗaya" guda a tsakani. In kin zo ƙarshen zagaye waƙar ba ta ƙare a kan "biyu" ba, akwai inda kika yi tuntuɓe. Kada ki ce za ki gyara a gaba. Warware ki koma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wani abu kuma da za ki lura da shi in da gajeriya kike aiki: in ƙarin yana faɗawa a kan ƙarin da ke ƙasansa kullum, da'irar takan fito da kusurwa shida kamar ɗakin zuma. A hular jariri ba ya damuna, don da an sa a kai ya ɓace. Amma in abin ɗora kofi ne ko gindin jaka, sai ki riƙa gusar da wurin ƙarin, wannan zagaye ki fara da shi, na gaba ki sa shi a tsakiya.

Maganar cibiya. Sarƙa huɗu da aka haɗa tana aiki, sai dai tana barin rami a tsakiya, kuma ramin a daidai maɗigar jariri yake zama, inda aka fi tsoron iska. Akwai wata hanya da na fi so, wadda nake kira zariya, don yadda take zugewa kamar zariyar wando. Ki naɗa ulu a yatsunki biyu ya zama ƙawanya, jelar tana lilo. Ki soka kwarashi cikin ƙawanyar ki jawo zare, ki yi sarƙar tashi, wato 'yan sarƙoƙin da ake yi don a kai tsayin doguwa, sannan ki saƙa idanunki goma sha biyu a kan ƙawanyar da jelar tare. Da kin gama ki ja jelar, sai ramin ya rufe ruf. Ranar da na fara ganin haka sai da na warware na sake, don daɗin kallo kawai. Gargaɗi ɗaya: ki bar jelar da tsawo, kamar tsawon tafin hannu da yatsu, daga baya ki zura ta a basilla ki zagaya cibiyar da ita, ki juyo ta baya ki sake bi. In kika yanke ta gajeriya, wanki biyu zariyar za ta saki, hular ta buɗe daga sama.

Dare na uku na sami lissafi, amma da na ƙirga sai in ga 25 maimakon 24, sai 38 maimakon 36. Na rasa daga ina baƙin suke shigowa. Ashe sulalen da nake rufe zagaye da ita ce. In kin zagayo kin dawo, takan kwanta a wurin kamar ido na gaskiya, ta buɗe baki tana jira. Mai koyo sai ta soka mata kwarashi, ta sami ƙarin da ba a gayyata ba, kuma kowane zagaye haka. Maganinta shi ne alama. Ki sami ɗan guntun zare na wani launi, ko ƙaramin fil mai makulli, ki maƙala a idon farko na kowane zagaye da zarar kin yi shi. In kin dawo, idon da ke da alama shi za ki rufe a kansa, abin da ke gabansa kuwa ki ƙirga ki gani ko na gida ne. Kuma tun farko ki yanke wa kanki hukunci a kan sarƙar tashi, wato sarƙa biyu ko uku da ake yi don a kai tsayin doguwa: ko tana cikin ƙirga ko ba ta ciki. Ni sarƙa biyu nake yi kuma ba na ƙirga ta, ina sa doguwar farko a gindinta, don ta fi toshe kafa. Kowanne kika zaɓa daidai ne, muddin ba ki sauya ra'ayi a tsakiyar hula ba.

Akwai masu saƙar da ba sa rufe zagaye sam, suna ta tafiya kamar naɗin maganin sauro. Haka ake yin 'yan tsanan nan na ulu da aka san mutanen Japan da su, kuma da gajeriya ya fi kyau, don ba ya barin layin haɗi. Faifan Gwaggo ma ai haka yake. Sai dai a nan in alamarki ta faɗi kin shiga uku, don babu abin da zai nuna miki inda zagaye ya fara.

Yaya faifai yake zama hula? Daina ƙari kawai za ki yi. Da kin ci gaba da sa ɗaya a kowane ido, bakin zai fara saukowa da kansa, wato kuskurena na dare na biyu ne, amma a lokacin da ake son sa. Sanin lokacin kuwa da tef ɗin tela ne. Ki auna kewayen kan, ki raba da 3.14, abin da ya fito shi ne faɗin da'irar da za ki yi kafin ki daina ƙari, ki ɗan rage kaɗan saboda ulu yana miƙewa. Kan sabon haihuwa yawanci yana wajen santimita 34 zuwa 35, don haka da'ira mai faɗin santimita 10 zuwa 11 ta isa. Da uluna da kwarashi mai milimita 4, zagaye huɗu ne ya kai ni nan, ido 48. Naki hannun zai iya bambanta, mai tsuke zare da mai sakinsa ba sa tashi da girma ɗaya, shi ya sa tef ya fi ƙirga gaskiya a wannan wuri. Da hular ta fara zurfi kuma, ki lura kada ta kife miki ciki ya koma waje. Ki riƙe ta kamar mai shan fura a ƙwarya, kina aiki a bakin da ke kusa da ke, kwarashi yana shiga daga waje zuwa ciki.

Ranar Asabar ke nan, saura kwana uku suna, na iso inda nake ɗoki, wato sa ruwan bula. Na gama zagaye da fari, na yanke, na ƙulla sabon zare da tsohon ƙulli biyu kamar mai ɗaure bakin buhu, na ci gaba. Da na yi nisa na duba, sai ga wani ɗigon fari zaune a cikin layin bula, kamar shinkafa ɗaya a cikin wake. Ga kuma ƙullin ya leƙo waje. Na warware na sake, ɗigon ya dawo. Na sake, ya dawo. Har na fara zargin ulun.

Sai da na zauna na yi doguwa ɗaya a hankali, ina kallon inda kowane zare yake zuwa, sannan na gane. Zoben da ke kan kwarashi bayan kin gama ido, ba na idon da kika gama ba ne. Shi ne zai zama saman idon da ke biye. Wato kowane ido, wanda ya gabace shi ne yake ɗinka masa hula. In kin kammala idon ƙarshe da fari, zoben da ya rage fari ne, kuma idon bula na farko zai fito da jiki bula, kai fari. Wannan ne ɗigon da ya hana ni barci.

Saboda haka sabon launi yana shiga ne tun kafin tsohon ya gama aikinsa. Ki fara idon ƙarshe da fari kamar kullum. In gajeriya ce ko doguwa, ki tsaya a daidai lokacin da zobe biyu suka rage a kwarashi. Ki saki farin ya faɗa baya. Ki lanƙwasa bakin bula, kina barin jela mai tsawo, ki rataya shi a ƙugiyar kwarashi, ki jawo shi ta cikin zoben biyu. Idon ƙarshe ya kammala, jikinsa fari tas, zoben da ke hannunki kuwa bula ne, yana jiran idonsa. Sai ki ɗan ja jelar farin da ta bular a baya don su zauna daidai, ba da ƙarfi ba. Babu ƙulli ko ɗaya. Duk inda za ki sauya launi a kwarashi, a tsakiyar layi ne ko a ƙarshe, wannan ce ƙa'idar, kuma na lura hannu ya fi kai saurin karɓarta. Yarana sukan ce sun gane, sai in ga sun kammala idon sannan su tuna. Nakan ce su koma baya taki ɗaya, su zare ratsawar ƙarshe kawai, ba sai sun warware idon duka ba.

In kina rufe zagaye da sulale, akwai wuri mafi sauƙi ma. Ki gama zagayen gaba ɗaya da fari, ki soka kwarashi a idon da ke da alama, sai ki jawo bula maimakon fari ta cikin idon da zoben. Ki ja farin a baya har zobensa ya ƙanƙance ya ɓuya, ki yi sarƙar tashi da bula. Da wannan na ƙarasa hular, kuma da shi nake fara koya wa kowa, don layin launi yana haɗuwa da kansa daidai wa daida.

A saƙar naɗin maganin sauro abin ya fi taurin kai. Tunda zagaye ba ya komawa inda ya fara, sai dai ya hau samansa, duk inda kika sauya launi za ki ga ɗan tsani, layin bula ya fara a ƙasa ya ƙare a sama. Dabarar da nake yi ita ce, bayan na shigo da sabon launi, idon farko sai in yi shi sulale maimakon gajeriya, tsanin ya ragu. Ragewa yake yi, ba ya ɓacewa. Na je na duba faya-fayen Gwaggo da ke rataye a bango, kowannensu yana da wannan tsani a inda ja ya miƙa wa kore, kuma shekara da shekaru ina cin tuwo a ƙarƙashinsu ban taɓa lura ba. Tun daga nan na daina tayar da hankalina a kansa. Ina dai tura shi ƙeya.

Sai tambayar da kowa ke yi: in yanke tsohon launin ko in bar shi? In layukan sirara ne, zagaye ɗaya ko biyu fari ya dawo, kada ki yanke. Ki bar shi yana rataye a ciki, in lokacinsa ya yi ki ɗago shi, ki bar masa ɗan sassauci don kada ya tattare hular. In kuwa zai yi zagaye uku ko fiye bai dawo ba, yanke shi. Dogon zare a cikin kayan jariri ba abin wasa ba ne, ɗan yatsa yana iya shiga ya sarƙe. Wasu sukan kwantar da jelar a kan layi su saƙa a kanta, ta ɓuya a cikin idanu. Yana rage aiki, amma bula a ƙarƙashin fari yana leƙowa kamar jijiya a bayan hannu, don haka ni fari nake binnewa cikin fari, bula cikin bula, da basilla, ta ciki, in tafi ido biyar ko shida in juyo in dawo ta wata hanya. Aikin nan ba wanda yake son sa. Na san wata a cikin yarana da take da huluna uku a leda, duk an gama, jela kawai ake jira a ɓoye tun kafin azumi.

Abu biyu a gurguje game da launi. Ulun roba, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu, bai cika zuba ba, amma zaren auduga ja ko mai duhu yakan yi. Kafin ki haɗa shi da fari ki jiƙa guntunsa ki matse a farin ƙyalle ki gani. Kuma ki sayi abin da zai ishe ki a tafi ɗaya, don bular yau da ta mako mai zuwa ba lallai su zo ɗaya ba ko a shago ɗaya. Dutsen guga mai zafi kuwa kada ya kusanci ulun roba, narkewa yake yi ya mutu, ba ya dawowa.

Daren Litinin, ana ta hidimar girkin suna a tsakar gida, ni ina ɗakin Gwaggo da basilla ina ɓoye jela ta ƙarshe. Zagaye huɗu na ƙari, biyar na saukowa, layin bula biyu a kusa da baki, sai zagaye ɗaya na gajeriya don bakin ya kama. Tsawonta daga cibiya zuwa baki ya ɗan haura santimita 12. Layin haɗin ya karkace gefe ɗaya, kamar yadda yakan yi wa duk mai saƙar zagaye ba ta juya aiki ba, kuma akwai wani wuri a zagaye na shida da na san 47 ne ba 48 ba. Gwaggo ta karɓa, ta zura dunƙulen hannunta a ciki, ta juya ta a gaban fitila, ta kifa cikin waje ta duba ko akwai ƙulli. Ta ce, "To, wannan kam ta shiga sahun huluna."

Da safe bayan an raɗa suna aka yi masa aski, aka miƙo shi da ɗan kansa fes, ana neman abin rufewa. Ta zauna masa daidai, har ta rufe kunne. Mako biyar ya yi yana sa ta kafin kan ya fi ƙarfinta. Ganyen latas ɗin kuwa, wanda na sake saƙawa daga baya don in nuna wa yara abin da yawan ƙari yake haifarwa, Gwaggo ta karɓe shi, tana ɗora butar shayinta a kai.